HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: Yadda Masu Zane Suka Siffanta Duwatsun Wata Kafin A Taka Shi

A cikin shekarar 1957 aka buɗe wani ƙasaitaccen zane a gidan nune-nunen kimiyya na birnin Boston, a ƙasar Amurka. Tsawonsa ƙafa 40, tsayinsa ƙafa 10, ya cinye bango guda. Wanda ya zana shi, Chesley Bonestell, shi ne gwanin gwanaye a wannan zamani wajen siffanta duniyoyin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Abin da zanen ya nuna kuwa shi ne doron wata: ga duwatsu masu tsini kamar haƙoran zarto sun tsaya ƙiƙam, ga gaɓoɓin ramuka a miƙe kamar an datse su da gatari, ga sama baƙa ƙirin.

Shekara 13 jama'a suna zuwa kallon wannan zane, yara da manya, suna komawa gida da yaƙinin cewa sun ga kamannin wata. Amma a 1970, shekara guda bayan mutum ya taka wata da ƙafarsa, sai hukumar gidan ta sauke zanen daga bango. Hotunan da 'yan sama jannati suka ɗauko sun nuna tuddai masu sulɓi, masu doro kamar tulin gero a masussuka. Na tsini ko ɗaya babu.

To, yaya aka yi gwani irin wannan, wanda ba ya ɗora buroshi sai ya yi lissafi ya kuma tuntuɓi masana, ya yi kuskure haka? Amsar ta wuce kan mutum ɗaya. Kuskure ne da aka gada tun kaka da kakanni, shekara wajen 300, kuma tushensa abu biyu ne: inuwa, da zaton da aka daɗe ana yi cewa ramukan wata bakunan duwatsu masu aman wuta ne.

INUWA TA RUƊI MASU HANGE

A 1609 Galileo, masanin nan na ƙasar Italiya, ya ɗaga madubin hangen nesa ya dubi wata, ya ga ashe ba sumul yake ba kamar yadda mutanen da suka ɗauka. Yana da tudu da kwari. Har ya yi amfani da hasken da ke sauka a ƙololuwar duwatsun ya ƙiyasta tsayinsu.

Sai dai akwai wata matsala. In wata ya cika, rana tana dukansa tsaye, ba inuwa, saboda haka ba a rarrabe tudu da gangare. Mai hange ba ya ganin duwatsun sosai sai a kan iyakar haske da duhu, watau wurin da rana ke fitowa ko take faɗuwa a can. Kowa ya san yadda inuwa take da sassafe ko da la'asar sakaliya: yaro ɗan shekara biyar sai inuwarsa ta yi tsawon giginya. Haka ɗan tudu mai doro yake jefa doguwar inuwa mai tsini a kan wata. Daɗa kuma can babu iska da za ta watsa haske ta sassauta duhu, don haka inuwar takan fito baƙa wuluk, bakinta da kaifi kamar aska. Masu hange suka dubi inuwa, suka ɗauka siffar dutsen ke nan.

Aka kuma ƙara da wata hujja mai kama da gaskiya. Aka ce ai ruwan sama da iska su ke cinye duwatsun duniya har su yi sulɓi. Tun da wata ba shi da ruwa ba shi da iska, labudda duwatsunsa suna nan da kaifinsu kamar ranar da suka fito.

MAƘERIN DA YA GINA WATA DA FILASTA

Batun ramuka kuwa, tun a 1665 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya yi gwaji iri biyu. Ya jefa harsashi cikin kwaɓaɓɓen yumɓu, ya ga rami mai kama da na wata. Ya kuma tafasa garin wani farin dutse, ya ga inda kumfa ta fashe ta bar irin wannan rami. Da yake bai ga inda abin jifa zai fito a sararin samaniya ba, sai ya karkata ga zafin da ke tasowa daga ciki. A kan wannan ra'ayi yawancin masana suka zauna har cikin ƙarni na 20.

Wanda ya fi kowa dasa wannan siffa a zukatan jama'a shi ne James Nasmyth, injiniya ɗan Sikotlan, wanda ya yi suna da arziki wajen ƙera babbar gudumar da tururi ke sarrafawa. Ya ƙera wa kansa madubin hangen nesa mai faɗin inci 20, ya yi shekaru da dama yana duban wata yana zanawa. A 1874 shi da James Carpenter, wanda ya yi aiki a ɗakin nazarin taurari na Greenwich, suka fitar da littafi a kan wata.

A lokacin na'urar ɗaukar hoto ba ta yi ƙarfin da za ta kamo ƙananan siffofin wata ba. Sai Nasmyth ya yi dabara. Ya gina duwatsun da ramukan da filasta, irin farar ƙasar nan da ake ɗaure karaya da ita a asibiti, ya fitar da su rana ta haska su ta gefe, sa'an nan ya ɗauki hotonsu. Duk wanda ya buɗe littafin sai ya ga kamar an je wata an ɗauko hoto, alhali kuwa hoton ginin hannu ne, kuma hannun ya bi abin da mai shi ya riga ya gaskata.

Abin da ya gaskata kuwa shi ne, wai wuta ce take ɓullowa daga rami guda ta yi feshi sama, tarkacen ya zubo kewaye da ita ya yi ganuwa. In ƙarfinta ya ragu, sai ragowar ta taru a tsakiya ta zama tsauni. Don ya ƙarfafa maganarsa har ya jera siffar wani yanki na wata da ta dutsen Vesuvius na Italiya. Daga wannan littafi masu zane na baya suka yi ta kwaikwayo, har abin ya kai ga littafin da Bonestell ya ƙawata da zanensa a 1949, da majigin tafiya wata da aka yi a Amurka a 1950.

MASU JAYAYYA

Ba kowa ne ya yarda ba. A 1893 Grove Karl Gilbert, babban masanin duwatsu na gwamnatin Amurka, ya kawo hujjar da ta fi ƙarfin musu. Ya ce bakin dutse mai aman wuta a duniya yawanci a ƙololuwar tsauni yake, amma ramin wata ƙasansa ya nutse ƙasa da filin da ke kewaye da shi. Ga kuma girma: bakin Vesuvius bai kai kilomita 1 ba, amma ramin da ake kira Copernicus a wata faɗinsa kilomita 93 ne. Gilbert ya ce jifa ne ya haƙa su. Abin mamaki, shi ɗin dai da ya je ya duba wani babban rami a jihar Arizona, sai ya yanke cewa tururi ne ya fasa ƙasa daga ciki, alhali wannan kam dutsen sama ne ya haƙa shi. Ko gwani yakan yi tuntuɓe.

Masu musu da shi suka ce, in jifa ne, don me ramukan duk suka zama zagayayyu? Ai abin da ya faɗo a karkace, dogon rami zai yi. Daga baya aka gane cewa dutsen da ke tafe da gudun kusan kilomita 20 cikin daƙiƙa guda, in ya daki ƙasa fashewa yake yi kamar bom, kuma ramin bom zagayayye ne ko ta ina bom ɗin ya fito. A 1949 Ralph Baldwin ya gwada faɗi da zurfin ramukan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da na wata, ya ga ƙa'ida ɗaya suke bi. A 1960 kuma Eugene Shoemaker da Edward Chao suka samu wani ma'adini a ramin Arizona wanda ba ya samuwa sai an matse dutse da ƙarfin da aman wuta ba ya kaiwa.

Cikin masu zane ma an sami wanda ya gano gaskiya da wuri. Lucien Rudaux, Bafaranshe, mai zane ne kuma mai nazarin taurari. Maimakon ya dubi inuwa, sai ya dubi gefen faifan wata, inda duwatsun ke fitowa a tsaye a jikin baƙin sama, ya ga ashe doro gare su. Haka ya zana su a littafinsa na 1937. Amma zanensa bai kai na Bonestell ban sha'awa ba, jama'a kuwa abin da ya fi ɗaukar ido suka bi.

MAGANA TA WUCE ADO

Da Amurka da Rasha suka shiga tseren zuwa wata, sai tambayar ta tashi daga ta ƙawata bango ta koma ta rai da mutuwa. A kan me kumbo zai sauka? A kan tsinin dutse, ko a kan ɓawon da zai rufta? A 1955 masani Thomas Gold ya yi gargaɗin cewa baƙaƙen filayen wata suna iya zama ƙura mai zurfi. A 1958 kuma wani masanin Rasha, Nikolai Kozyrev, ya ba da labarin ya ga alamar iskar gas tana fita daga tsakiyar ramin Alphonsus, masu ra'ayin aman wuta suka ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Saboda haka aka fara tura na'urori. A watan Yuli na 1964 kumbon Ranger 7 ya aiko da hotuna fiye da 4,300 kafin ya faɗa kan wata ya tarwatse. A watan Fabrairu na 1966 kumbon Rasha, Luna 9, ya sauka lafiya bai nutse ba, na Amurka, Surveyor 1, ya biyo baya a watan Yuni. Daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 suka taka wata cikin sauka shida, suka kwaso duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382.

GANI YA KORI JI

A ƙarshen watan Yuli na 1971 David Scott da James Irwin na Apollo 15 suka sauka a gindin tsaunukan Apennine, waɗanda masu zane suka fi so su yi wa tsini. Tsaunin Hadley ya tashi fiye da mita 4,000 bisa filin da suka tsaya, amma sumul yake kamar an shafe shi da hannu. Ashe akwai abin da ke cin dutse a wata. Ƙananan duwatsun sama, waɗansu ba su fi ƙwayar rairayi ba, suna ta dukansa ba dare ba rana, don babu iskar da za ta ƙone su a hanya. Cikin shekaru miliyan dubbai sun niƙe fuskar wata ta zama gari mai kaurin mita da dama. Su kansu tsaunukan ba aman wuta ne ya gina su ba. Gaɓar wani ƙaton rami ce, wanda wani babban jifa ya haƙa kimanin shekara miliyan 3,900 da suka wuce.

Kada kuma a ɗauka masu zane kaɗai suka ruɗe. A watan Afrilu na 1972 aka tura John Young da Charles Duke na Apollo 16 zuwa tuddan Descartes, domin masana sun duba hotuna sun haƙiƙance cewa aman wuta ne ya yi wurin. Da suka fara tsintar duwatsu, sai ga shi kusan duk fasassun duwatsu ne da zafin jifa ya manne su wuri guda. Dole aka sake rubuta abin da aka sani.

A watan Disamba na wannan shekara Harrison Schmitt, masanin duwatsu ɗaya tak da ya taɓa zuwa wata, ya ga ƙasa mai launin ruwan goro a bakin wani ƙaramin rami mai suna Shorty. Nan take aka yi ta murna, ana zaton an samu bakin aman wuta na kwanan nan. Da aka kawo ƙasar aka auna, sai aka ga ramin dai jifa ne ya haƙa shi. Amma ƙasar da ya tono 'yan ƙwayoyin gilashi ce, waɗanda aman wuta na gaske ya fesa kimanin shekara miliyan 3,600 da suka wuce.

TO, INA WUTAR TAKE?

A nan ne labarin ya juya. Nasmyth bai yi kuskure da ya ce wata ya yi aman wuta ba. Kuskurensa wurin da ya neme ta. Ya neme ta cikin ramuka da tsaunuka, ga ta kuwa a shimfiɗe a fili, inda ko mai duba da ido kawai yana ganinta. Baƙaƙen tabon nan da ke fuskar wata, waɗanda masanan da suka sa wa suna tekuna, narkakken dutse ne da ya kwarara ya cika manyan kwaruruka ya daskare. Sun rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar da ke dubanmu, amma a bayan wata, wanda kumbon Luna 3 ya fara ɗauko hotonsa a 1959, kaɗan ne ƙwarai. Duwatsun da Apollo 11 ya kwaso daga cikinsu shekarunsu sun kama daga miliyan 3,600 zuwa 3,900.

Me ya hana wannan narkakken dutse ya gina tsaunuka masu tsini? A dubi bambancin tuwo da koko. In an kwashe tuwo a akushi, tsayawa yake yi ya yi tudu. In an zuba koko a faranti, malala yake yi har ya kai gefe. Tsaunuka masu tsini irin su Vesuvius, ko 'yan tsaunukan da ke wajen Panyam a Jihar Filato, sun samu ne daga tarkace da kakkauran narkakken dutse da ke taruwa a bakin rami. Na wata kuwa ƙarfe ya yi masa yawa, sinadarin da ke sa kauri ya yi masa kaɗan, saboda haka ruwa-ruwa yake kamar man inji. Yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya daskare.

Inda ya gudana da yawa, yakan haƙa wa kansa hanya mai lanƙwasa kamar kogi. Kwazazzabon Hadley, wanda Scott da Irwin suka tsaya a bakinsa, irin wannan ne: faɗinsa ya haura kilomita 1, zurfinsa wajen mita 300, tsawonsa fiye da kilomita 100. Wani lokaci saman kogin yakan daskare ya zama rufi, cikin ya tsiyaye ya bar kogo. A 2009 masana suka gano wani rami mai faɗin mita 65 a hotunan kumbon Kaguya na Japan, a yankin tuddan Marius, a 2024 kuma aka tabbatar da na'urar rada cewa akwai kogo a ƙarƙashin wani irinsa a filin da Apollo 11 ya sauka. Duwatsu masu aman wuta na sosai ma akwai su, sai dai kwantattu ne. Tudun Rümker faɗinsa kilomita 70, amma tsayinsa bai wuce kilomita 1 da 'yan kai ba, kamar faifai a kife.

Kusa da wannan tudu ne kumbon ƙasar Sin, Chang'e 5, ya sauka a watan Disamba na 2020, ya kwaso giram 1,731. Da aka auna, sai aka ga dutsen shekararsa miliyan 2,000, watau wutar wata ta daɗe tana ci fiye da yadda duwatsun Apollo suka nuna. A 2024 Chang'e 6 ya kwaso na bayan wata, aka samu na shekara miliyan 2,800 a ciki.

ABIN DA KE KAN MAI ZANE

Saboda haka wanda ke son ya zana wata yana aman wuta, kuma yana son zanensa ya dace da ilmi, akwai ƙa'idodin da za su ɗaure shi. Ba zai sa hayaƙi mai murtukewa yana tashi kamar hadari ba, domin iska ce ke ɗaukar hayaƙi, can kuwa babu ita. Abin da zai zana shi ne feshin jajayen ɗigo-ɗigo daga doguwar tsaga a ƙasa, kowane ɗigo ya tashi ya lanƙwaso ya faɗo kamar dutsen da aka harba da majajjawa. Da yake nauyin abu a wata kashi ɗaya ne cikin shida na nauyinsa a duniya, feshin zai yi nisa ƙwarai, ya buɗe kamar laima. Sama baƙa za ta kasance ko da tsakar rana. Abin da ke nesa ba zai dushe ba kamar yadda hazo ke dusar da tsauni a nan. In zai sa duniya a sararin sama, to ya sa ta ta fi yadda ake ganinta daga wata a yau girma, domin a wancan zamani wata ya fi kusa da mu, har yanzu ma yana ja da baya da kusan santimita 4 kowace shekara. In kuma wata na yau zai zana, to fili ne ruwan toka, shiru, jifa ya rarake shi ko'ina.

Tun daga 2009 wani kumbon Amurka yake zagaya wata yana auna tudu da kwarinsa, har an yi taswirar da Nasmyth ko a mafarki bai ga irinta ba. Duk da haka har gobe ana ganin zane a littattafai da majigi inda ake ja wa duwatsun wata tsawo don su yi kwarjini. Mai karatu da ya ga irin wannan yana da haƙƙin ya yi tambaya biyu: wannan hoto ne da aka ɗauka, ko zane ne da aka ƙaga? In zane ne, wane awo aka bi?

Shi kuwa zanen Bonestell bai ɓata ba. An kai shi babban gidan ajiye kayan tarihin jiragen sama da ke Washington a 1976, ya daɗe a ajiye, sa'an nan aka gyara shi aka sake kafa shi a 2022, a ɗaki ɗaya da kumbon da ya dawo da mutanen Apollo 11 gida. Da yawa daga cikin injiniyoyin da suka yi aikin zuwa wata, irin waɗannan zane-zane ne suka fara sa musu sha'awar abin tun suna yara. Zanen ya sa an tafi, tafiyar kuma ta gyara zanen.

Wanda ke son ya ga ainihin filin aman wutar wata ba sai ya nemi madubi ba. Ran goma sha huɗu ga wata, bayan sallar lisha, ya fito tsakar gida ya ɗaga kai. Baƙin tabon da zai gani, shi ne.